Ganuwar Katsina da Ƙawanyar 1807

A hutun da ya wuce na tarar da ƙannena a gida, a Ƙofa, sun duƙufa a kan wani wasa na kwamfuta. A cikin wasan mutum yakan gina birni, ya zagaye shi da ganuwa, ya tara mayaƙa, sannan abokan gaba su zo su yi masa ƙawanya. Na lura duk hankalinsu yana kan tsawon katanga da yawan dakaru. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin ƙasarmu, mu ga yadda aka gina birni na gaskiya, da kuma abin da ya ci shi.

Masana tarihi suna danganta babbar ganuwar birnin Katsina ga Sarki Ali Murabus, wajen ƙarni na 16. Da jar ƙasa da tubali aka yi ta, gindinta da kauri, tana tsukewa tana hawa. Daga ciki akwai badala inda 'yan baka suke tsayawa, daga waje kuma gwalalo da sarƙaƙiya don hana dawakai matsowa. Ƙofofinta sanannu ne har yau, kamar su Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yandaka, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa. Kowace tana da sarkin ƙofa mai rufe ta idan rana ta faɗi.

To, amma ginin ƙasa ba ya zama haka nan. Kowace damina sai ruwa ya zaizaye shi, saboda haka da kaka ta yi sai a tara jama'ar birni da ta karkara a yi yaɓe. Haka kuma magabata sun bar filin noma da kududdufai a cikin ganuwa, domin sun san ranar da aka rufe ƙofa ciki ne zai fara kuka.

Bayan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗaga tutar jihadi a 1804, malamai uku ne suka jagoranci yaƙin a ƙasar Katsina, watau Malam Ummarun Dallaje, da Malam Muhammadu Na Alhaji, da Ummarun Dumyawa. Waɗannan mutane ba su da igwar da za ta fasa katanga. Dabarar da suka yi ita ce su fara kama garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye, su tare hanyoyin da hatsi yake bi zuwa birni. Da rumbunan karkara suka fita daga hannun sarki, sai yunwa ta shiga gari. Ana ba da labari cewa abin ya kai har ana sayar da ƙadangare wuri 50, ungulu kuwa wuri 500. A shekarar 1807 birni ya faɗi, Sarki Magajin Haladu ya fita ya nufi Ɗankama, inda ya rasu. Daga baya sauran gidan sarautar suka kafa mulki a Maraɗi, suka riƙa kawo hari ƙasar Katsina shekara da shekaru, abin da ya tilasta wa garuruwa da yawa yin kafi da ganuwar kansu.

Abin lura a nan shi ne, ganuwar tana tsaye lokacin da aka ci garin. Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Katsina a 1851 ya same ta da tsayi da kyan gini, amma galibin cikinta gonaki ne da kufai, kasuwanci kuwa ya koma Kano. Watau dai birnin ya rasa mutanen da suke ciyar da shi, katanga kuwa ba ta ciyar da kowa.

Ƙarshen zamanin ganuwa ya zo ne da Turawa. A ran 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Kanar Morland suka isa Kano da igwa. Ita kanta katangar ta gagare su, sai suka koma suka fasa Ƙofar Kabuga suka shiga. A wannan shekara Lugard ya shiga Katsina ta Ƙofar 'Yandaka ba tare da an yi yaƙi ba. Tun daga nan yaɓen shekara-shekara ya tsaya, ruwan sama da masu ɗibar ƙasa suka cinye galibin ginin.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, idan ana labarin birni a riƙa tunawa da manoman ƙauyuka irin na Kankiya da Kusada, domin da gero da dawar irinsu birane suka tsaya. Ina kira ga 'yan wannan ƙungiya da duk wanda ya je hutu ya zauna da dattawan garinsu, ya tambaye su inda kafi ko ganuwar garin ta bi, ya rubuta kafin su wuce. Ni dai na ce wa ƙannena, in za su sake wasan, su fara cika rumbu tukuna.