Tarihin Kasuwancin Mata a Ƙasar Oman

Kasuwancin matan Oman ya girmi gwamnatin zamani ta ƙasar nesa ba kusa ba. Tun kafin a fara fitar da man fetur a 1967, mata ke riƙe da sana'o'in da gidaje da yawa suka dogara da su, sai dai babu shago, babu rajista, kuma babu mai ƙidaya su cikin 'yan kasuwa.

A yankin Zufar da ke kudancin ƙasar, inda itacen lubban ke tsirowa, ana tsaga ɓawon itacen, a bar ƙaron ya tsattsafo ya bushe, sannan a kankare shi. Idan ya iso gari, hannun mata yake faɗawa. Su ke tsince shi, su ware shi bisa launi da girman ƙwaya, su fitar da hojari, wanda ya fi kowane tsada, fari mai ɗan sirkin kore. A kasuwar Haffa ta birnin Salala mata sun daɗe suna zaman rumfa, gabansu tulin lubban da kwalabe na bakhur, wato turaren wuta da ake haɗawa da itacen ud da sandal da miski. Duk wanda ya san yadda matan Barno ke ɓoye sirrin haɗin turarensu ya san na Zufar: uwa ce ke koya wa 'yarta, ba a faɗa wa maƙwabciya.

A arewa kuwa allura ce jari. Hular kumma da mazan Oman ke sawa, wadda ake dangantawa da Zanzibar da gaɓar gabashin Afirka, mata ke ɗinka ta. Ana zana ado a jikin farin ƙyalle, a huda ƙananan ramuka, a zagaye kowane rami da zare, ɗaya bayan ɗaya, har hula guda ta kan ci wata ɗaya ko fiye. Matan makiyaya na sahara su kuma suna kaɗa gashin tumaki da na awaki, su saƙa shimfiɗu da kayan adon raƙumi.

Ranar 23 ga Yuli 1970 Sarki Ƙabus bin Sa'id ya karɓi mulki daga hannun mahaifinsa. A lokacin makarantun boko uku kacal ke ƙasar, ɗalibansu ba su kai dubu ba, kuma duk maza ne. Nan da nan aka buɗe wa 'yan mata makarantu, aka kafa Ƙungiyar Matan Oman a Maskat, babban birnin ƙasar, a farkon shekarun 1970, wadda rassanta suka riƙa koyar da karatu da ɗinki. 'Yan asalin ƙasar da suka dawo daga Zanzibar da ƙasashen maƙwabta sun zo da 'ya'yansu mata masu ilimi, waɗannan matan ne suka cike guraben aiki na farko. Jami'ar Sarki Ƙabus ta buɗe a 1986 da ɗalibai maza da mata. Amma ilimin bai kai mata kasuwa kai tsaye ba. Burin iyaye shi ne 'yarsu ta zama malama ko ma'aikaciyar jinya ko ta ofis, mai albashi da fansho da tashi aiki da wuri.

Abin sha'awa, kasuwar mata mafi suna a ƙasar ba hukuma ce ta tsara ta ba. A garin Ibra na yankin Sharƙiyya, a shekarun 1980, ranar Laraba ce aka ware a asibiti don ganin mata masu ciki. Matan ƙauye da na sahara kan zo da sassafe su yi ta jiran layi, wasu suka fara riƙo ɗan abin sayarwa: ƙyalle, kwalli, turare, bakin wando mai adon zaren azurfa. Ciniki ya yi ta ƙaruwa har ya fi ƙarfin harabar asibiti, aka ba su fili a kusa. Kasuwar Laraba ta Ibra na ci har yau, mata ke saye, mata ke sayarwa, kafin azahar an watse.

Gwamnati ta shigo harkar ne da gaske lokacin da ta ga ba za ta iya ɗaukar duk masu kammala karatu aiki ba. A 2001 aka ƙaddamar da shirin Sanad, mai ba matasa rancen da ya kai riyal 5,000, kimanin dala 13,000, don buɗe ƙaramar sana'a, kuma mata da dama sun shiga ta ƙofar ɗinki. A 2003 aka kafa hukumar sana'o'in hannu, aka naɗa A'isha bint Khalfan al-Siyabiyya shugabarta da matsayin minista, mace ta farko da ta kai wannan matsayi a ƙasar. Dokar sarki ta 2008 ta daidaita mata da maza wajen samun filin gwamnati. Wannan ta fi kowace tasiri a aljihu, domin banki ba ya ba da rance sai da jingina, kuma mace mai takardar fili tana da abin da za ta ajiye. Bayan taron mata da aka yi a garin Suhar a 2009, aka ayyana 17 ga Oktoba a matsayin Ranar Matan Oman.

Zanga-zangar masu neman aiki da ta ɓarke a Suhar a 2011 ta ƙara wa lamarin sauri. A Janairun 2013 aka yi babban taro kan ƙananan masana'antu a Saihul Shamikhat kusa da Bahla, daga nan aka haifi hukumar Riyada mai horarwa da asusun Raffd mai ba da rance, wanda ya haɗiye Sanad. Sarki Haisam bin Tariƙ, da ya hau mulki a 2020, ya sake fasalin hukumomin ya kafa guda ɗaya, ya damƙa ta ga mace, Halima al-Zar'iyya.

Idan ana lissafin manyan 'yan kasuwa mata, sunayen da ake fara kira su ne Hind Bahwan, wadda ta kafa kamfanin fasahar kwamfuta na Bahwan CyberTek a 1999, da Lujaina Muhsin Darwish, wadda aka zaɓa a Majalisar Shura a 2000. Ƙwazonsu ba abin musu ba ne, amma dukansu daga manyan gidajen attajirai suka fito, don haka labarinsu bai faɗi komai sosai game da matar da ta fara da keken ɗinki ɗaya ba. Labarin Sidab ya fi kusa da ita. A wannan ƙauyen masunta da ke gefen Maskat, Badriyya al-Siyabi ta tara matan unguwa a 2004 suka fara ɗinka jakunkunan akoko masu zanen kayan gargajiya, ana sayar wa masu yawon buɗe ido da kamfanoni. Kowace na ɗinki a gidanta, a biya ta gwargwadon abin da ta kawo. Akwai kuma Salma's Chocolates, kamfanin cakulan da A'isha da Salma al-Hajri suka kafa, suna cusa dabino da lubban da alawar Oman a cikin cakulan.

Yanzu mafi yawan sababbin shiga ba sa kama shago. Hoto a Instagram, ciniki a WhatsApp, ɗan aike ya kai abaya ko kek ko turare har ƙofar gida, kuma hukuma na ba da lasisin sana'ar gida don a san da zamansu. Matsalar ita ce kasuwar ƙarama ce, mutanen ƙasar kusan miliyan biyar ne, kashi mai yawa baƙi ma'aikata, ga kuma matan sun cunkushe a sana'o'i iri ɗaya. Sannan akwai abin da ake kira ɓoyayyen kasuwanci: ɗan ƙasa ya ara wa baƙo sunansa a takarda, baƙon ya gudanar da shago, ya riƙa biyan mai sunan wani abu duk wata. Irin waɗannan shagunan na karya farashi ƙasa da abin da tela mai biyan haya da rance za ta iya jurewa, kuma a 2023 ma'aikatar kasuwanci ta fitar da ƙa'idar cin tarar masu yin haka.