Yadda Durƙuso Ya Shiga Asibiti

A wurinmu durƙuso ba baƙo ba ne. Da shi yaro yake gaida manya, da shi ake addu'a, mace kuma idan naƙuda ta kama ta akan ce tana kan gwiwa. Amma wanda ya leƙa sashen gashin ƙashi a asibiti, ya ga babban mutum yana rarrafe a kan tabarmar roba, zai iya tambaya ko wane ne ya fara mai da wannan abu magani.

Labarin ya soma a Suwidin. A shekarar 1813 Per Henrik Ling ya buɗe makarantar motsa jiki a birnin Istokholm. Shi da almajiransa suka koyar cewa kowane motsi yana da mafari, suka kuma lissafa mafarai biyar: tsayuwa, zama, kwanciya, rataya da durƙuso. Daga durƙuson nan aka fitar da wasu, wato zama a kan dugadugai, da sa gwiwa ɗaya a ƙasa ƙafa ɗaya a gaba, da kuma dafa ƙasa da hannuwa da gwiwoyi. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Mutum idan ya durƙusa, nauyinsa ya matso kusa da ƙasa, idon sawu ya huta, sai aikin riƙe jiki ya koma kan kwatangwalo da tsokokin ciki da na baya.

Wanda ya ɗauki abin da zafi shi ne Rudolf Klapp, likitan tiyata na Jamus, wanda aka haifa a 1873, ya rasu a 1949. Wajen 1905, yana aiki a Bonn, ana kawo masa yara masu karkataccen ƙashin baya. Ya lura cewa dabbobi masu ƙafa huɗu ba safai bayansu yake karkacewa haka ba, sai ya ce laifin na tsayuwa ne. Saboda haka ya sa yaran rarrafe. Akan ɗaura musu tsumma mai kauri a gwiwa da hannu da yatsun ƙafa, su yi ta kewaya ɗaki. Ya tsara abin da kyau ƙwarai: idan yaro ya sauke ƙirjinsa kusa da ƙasa, saman baya ne yake lanƙwasa, idan kuwa ya ɗaga kafaɗunsa sama, aikin ya sauko wajen ƙugu. Ta haka yake zaɓen inda motsin zai fāɗa. Dabarar ta bazu a Jamus har ta ƙetare iyaka.

A ganina Klapp ya yi gaskiya rabi. Rarrafe yana sassauta baya, yana ƙarfafa tsoka, amma ba ya miƙe ƙashin da ya riga ya murɗe sosai. Irin waɗannan yara sai da rigar tallafe baya, wasu ma sai da tiyata, kuma iyayen da suka dogara ga rarrafe kaɗai lokaci yana iya ƙwace musu.

Bayan haka sai ga Berta da Karel Bobath, Yahudawa 'yan Berlin da suka tsere wa mulkin Hitila suka zauna a Landan, inda suka buɗe cibiyarsu a 1951. Su aikinsu yana kan masu shanyewar ɓarin jiki da yaran da ƙwaƙwalwarsu ta sami lahani tun haihuwa. An bi da masu jinya ta hanyar da jariri yake bi: ya birkita, ya zauna, ya yi rarrafe, ya miƙe a kan gwiwa, ya fitar da ƙafa ɗaya, sannan ya tsaya. Daga baya su da kansu suka yarda cewa bin matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba dole ba ne, gama yaro yana koyon abubuwa da yawa a lokaci guda. Yau mai neman tafiya akan tsai da shi da wuri, ya koyi tafiya ta wurin yin tafiya.

Duk da haka ba a kori durƙuso ba, sai dai ba a sa mai kumburin gwiwa ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Inda ya fi amfani shi ne wajen koya wa tsoho yadda zai tashi idan ya faɗi, abin da ya shafi duk mai zama a tabarma. Ya mirgina gefe, ya hau hannuwa da gwiwoyi, ya rarrafa zuwa kujera ya dafa ta, ya kafa ƙafar da ta fi ƙarfi a gaba, sannan ya yunƙura.