Lauyoyin kare talakawa a Amurka da matsalar launin fata

A wajenmu in aka ce "lauyan gwamnati", mai gabatar da ƙara ake nufi. A Amurka kuwa akwai wani lauyan na daban da hukuma ke biya don ya kare wanda ake tuhuma in ba shi da kuɗin ɗaukar nasa. Wannan haƙƙi ya tabbata a dukkan jihohi a 1963, a shari'ar Clarence Gideon, wani talaka farar fata da aka ɗaure a Florida ba tare da lauya ba, ya rubuta wa Kotun Ƙoli koke da fensir daga kurkuku. Da aka sake shari'ar da lauya a gefensa, sai aka wanke shi.

Yau kusan mutum 8 cikin 10 da ake tuhuma da manyan laifuffuka a kotunan jihohi, irin wannan lauya ne ke tsaya musu. Baƙaƙen fata ba su wuce kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, amma su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunoni. Ke nan duk raunin da ke cikin aikin lauyoyin nan, a kansu ya fi sauka.

Babban raunin shi ne yawan aiki. Tun 1973 aka ba da shawarar kada lauya ɗaya ya wuce manyan shari'u 150 a shekara, amma a jihohi da dama ana zarce hakan nesa ba kusa ba. Har ta kai a 2016 shugaban ofishin lauyoyin na jihar Missouri ya ɗora wa gwamnan jihar, wanda shi ma lauya ne, kare wani talaka, don ya nuna masa irin ƙarancin kuɗi da ma'aikata da suke ciki.

Lauyan da aiki ya yi wa yawa dole ya zaɓi wanda zai ba lokacinsa, kamar likita ɗaya a asibitin da ya cika maƙil. A nan ne masana biyu, Song Richardson da Phillip Goff, suka ja hankali a 2013: zaɓin da ake yi cikin gaggawa, zato ne ke jan ragamarsa. Lauya na iya ganin matashi baƙar fata ya ɗauka lallai ya aikata, ba don ƙiyayya ba, sai don abin da ya taso yana ji. Sai ya ƙi bin sawun shaidunsa, ya lallashe shi ya amsa laifi a sassauta masa. Mu lura cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na hukuncin laifi a Amurka ta hanyar amsa laifi ake samunsa, ba a kai ga sauraron shaidu ba. Wannan zaɓi kuwa a ofis ko a bakin kurkuku ake yin sa, babu alƙalin da ke gani.

Wani lokaci abin a fili yake. A shari'ar Duane Buck a Texas a 1997, lauyan da kotu ta naɗa masa shi da kansa ya kira wani masanin halayyar ɗan Adam ya ba da shaida, masanin kuma ya ce kasancewar mutum baƙar fata na ƙara yiwuwar ya sake ta'asa. Aka yanke wa Buck hukuncin kisa. Sai a 2017 Kotun Ƙoli ta ce lauyan ya gaza a aikinsa, daga baya aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai, bayan ya shafe shekara 20 yana jiran a kashe shi.