Daga Zongo zuwa Azhar: Tarihin 'Ya'yanmu Masu Neman Ilimi a Masar



Kowace shekara wasu gidaje a cikinmu kan sallami ɗansu zuwa Alƙahira, da addu'a da guzuri da ƙwalla. Da yawa suna ɗaukar wannan tafiya sabon abu ne da ya zo da jirgin sama. Alhali hanyar ta girmi ƙasar Togo da ɗaruruwan shekaru, kuma sanin tarihinta zai taimaki uban da ke shawarar ko ya tura ɗansa ko ya dakata.

An aza harsashin masallacin Azhar a shekarar 970 miladiyya, a hannun Jauharu, sarkin yaƙin Faɗimiyyawa, aka kammala shi a 972. Ba a daɗe ba malamai suka fara zama a gindin ginshiƙansa, ɗalibai na kewaye da su. Mutanen ƙasashenmu kuwa sun san hanyar Masar ta dalilin aikin hajji. Masanin tarihi Maƙrizi ya ba da labarin makarantar Ibn Rashiƙ, wadda alhazan Kanem suka ba da kuɗin gina ta bayan shekarar 640 ta hijira, wato tsakiyar ƙarni na 13, domin karantar da mazhabar Malikiyya. Sun kuma ci gaba da aiko mata da dukiya daga gida. Ashe tun wancan zamani magabata sun gane cewa ba a tura ɗalibi nesa a bar shi ba masauki.

A zamanin da, a cikin Azhar kanta an raba ɗalibai zuwa sassa da ake kira ruwaƙi. Akwai na mutanen Magrib, na Turkawa, na mutanen Jawa, na Barebari, da na mutanen Takururu, sunan da Larabawa suka saba kiran baƙaƙen yammacin Afirka da shi. Kowane ruwaƙi yana da shehinsa mai karɓar baƙo, ya rubuta sunansa, ya sasanta shi da abokan zamansa, ya tsaya masa idan ya shiga matsala. Ana raba wa ɗalibai gurasa daga dukiyar waƙafi, su kwana kusa da akwatunan littattafansu.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne tsarin zongo. Yadda fataken goro da na shanu ke sauka a hannun maigida, ya ba su ɗaki da tuwo, ya zama lamuninsu a kasuwa, haka ɗalibi ke sauka a hannun shehin ruwaƙi. Ko da gwamnati ta tashi tsohon Zongon Lome a 1977 ta mayar da jama'a arewacin birni, wajen Togblékopé, wannan al'ada ta saukar baƙo ce ta sake haɗa kan mutane.

Daga cikin mutanen ƙasar Hausa da suka bar suna a Masar akwai Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashnawi, wato Bakatsine. Ya yi karatu a Katsina da Barno, ya sauke farali, sannan ya zauna a Alƙahira yana karantarwa yana rubutu a kan hisabi da ilimin hatimi. Ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Abin lura shi ne, da iliminsa ya isa can, shi ya sa aka ba shi buzu. A nan kusa da mu kuma, Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya bi ta Salaga ya zauna a Kete-Krachi lokacin da take ƙarƙashin Jamusawan Togo, har ya rasu a 1934. Ɗalibai sun riƙa zuwa masa daga zanguna masu nisa, wani jami'in Jamus mai suna Mischlich ma ya ɗauki Hausa da tarihi a wurinsa. Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma ga wanda ya fita da tushe.

Zamani ya juya a tsakiyar ƙarni na 20. Gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta gina wa ɗalibai baƙi unguwa guda a Abbasiyya, Madinatul Bu'us, wadda aka buɗe a 1959. A 1961 aka yi dokar da ta sabunta Azhar, aka ƙara mata tsangayoyin likitanci da injiniyanci da aikin gona, sannan aka buɗe wa mata ƙofa. A wannan shekarar ce kuma Saudiyya ta kafa Jami'ar Musulunci ta Madina. Togo ta sami 'yancin kai a ranar 27 ga Afrilu 1960, don haka guraben tallafin karatu suka fara isowa daidai lokacin da matasanmu ke neman mafita.

Rayuwar can tana da daɗinta da ɗacinta. Yaron da ya haddace Alƙur'ani a nan da ruwayar Warshu da rubutun allo zai tarar ana karatu da ruwayar Hafsu. Wanda ya sauke Ahalari da Iziyya da Risala yana fassara su kalma bayan kalma da Hausa zai ga ba ya iya sayen gurasa, domin Larabcin kasuwar Masar daban yake da na littafi. Sai an yi masa jarrabawar tantance matsayi, kuma sau da yawa akan mayar da mai gemu ajin yara, ya bi matakin share fage da na sakandare kafin ya taka jami'a. Ga sanyin hunturu da ɗan bakin teku bai taɓa sani ba, ga wake da gurasa safe da yamma a madadin tuwo da koko, ga kuɗin tallafi da ba ya kai ƙarshen wata. Amma a ɗaki ɗaya zai zauna da ɗan Indonesiya da ɗan Sanigal da ɗan Najeriya, ya ga faɗin al'ummar Musulmi da idonsa, ya koyi cewa saɓanin mazhaba ba gaba ba ne.

Babbar jarrabawa tana jiran ranar dawowa. Harshen gwamnati a Togo Faransanci ne: da shi ake jarrabawar ɗaukar ma'aikata, da shi ake shari'a, da shi ake cike takarda a asibiti. Wanda ya shafe shekara goma a Masar ya dawo da shaidar Usuluddini, bai iya rubuta wasiƙa da Faransanci ba, yakan tarar ƙofofin ofis a rufe. Wasu sun zama limamai da malaman madarasa, sun amfani jama'a ƙwarai, ko da yake ladansu na duniya kaɗan ne. Wasu sun koma kasuwar Asigame suna neman na abinci. Ba laifin ilimin ba ne, laifin shirin tafiyar ne.

Maƙwabtanmu sun nemi maganin wannan tun da wuri. A Nijar an buɗe madarasar Say mai haɗa Larabci da Faransanci a 1957, kuma a garin ne Jami'ar Musulunci ta fara aiki a 1986. A Najeriya Shehu Adamu Abdullahi na Ilori, bayan ya ziyarci Azhar, ya kafa Markaz a 1952 domin ɗalibi ya sami Larabci mai tsari kafin ya ƙetare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna roƙon iyaye abu huɗu. Kada a cire yaro daga lakwal kafin ya riƙe Faransancinsa, in da hali ya ci bakalorea tukuna. A bincika matsayin takardar da zai dawo da ita tun kafin a sayi tikiti. A ƙarfafa wa masu ƙwazo, maza da mata, su haɗa ilimin addini da wani fanni kamar likitanci ko tarjama ko koyarwa, tunda Azhar kanta ta haɗa su. A ƙarshe, mu farfaɗo da sunnar mutanen Kanem: attajiranmu da masallatanmu su ware wani asusu na ɗalibai, kuma a damƙa kowane sabon tafiya a hannun wani babba daga cikin 'yan ƙasarmu da ke can, kamar yadda ake damƙa baƙo a hannun maigida.

Waɗanda suka yi karatu a Masar ko Madina ko Sudan daga cikinku, muna fatan za ku sanar da ƙannenku abin da kuka gani, domin wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya tsare 'ya'yanmu a duk inda suke, Ya dawo mana da su da ilimi mai amfani. Amin.