Daga Würzburg zuwa Rothenburg a mota: inda za ku tsaya da abin da za ku tambaya

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ta hana su saurara.

Wata 'yar'uwa da ke karatu a Jamus ta turo mana saƙo. Ta ce ita da ƙawayenta za su yi hayar mota su tafi yawon buɗe ido daga Würzburg zuwa Rothenburg ob der Tauber, garuruwa biyu masu tsohon tarihi a jihar Bavariya, wato Bayern ɗin da kuka sani a ƙwallo. Wace hanya za su bi, kuma ina za su tsaya? To ga amsa, amma kun san halina, sai na haɗa da tarihi.

Hanya biyu ce. Akwai babban titin A7, kimanin kilomita 60, ƙasa da awa guda kun isa, ba abin da za ku kalla sai bayan tirela. Sai ta biyu, wadda Jamusawa ke kira Romantische Straße. Ta taso daga Würzburg har Füssen a gindin duwatsun Alps, fiye da kilomita 400. Ɓangarenku kusan kilomita 100 ne, yawancinsa yana bin kwarin kogin Tauber ta cikin gonakin inabi da ƙananan garuruwa. Ita nake ba ku shawara, ku bi alluna masu ruwan ƙasa.

Amma ku lura, a 1950 aka ƙirƙiro wannan hanya, shekara 5 kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙasa a rushe, suna ya ɓaci. Sai aka tsara hanyar da za ta jawo baƙi, musamman Amurkawa, su zo su ga fadoji da tsofaffin majami'u. Kun ga ke nan an gina ta ne don ta nuna fuska guda. Ku tsara tafiyarku yadda za ku ga ɗaya fuskar ma.

Ku fara da safe a Würzburg, a fadar Residenz, wadda aka gina tsakanin 1720 da 1744. A rufin matakalarta akwai ƙaton zanen da Tiepolo ɗan Italiya ya yi a 1752 zuwa 1753, ya zana nahiyoyi huɗu. Afirka mace ce baƙa a kan raƙumi, Turai kuwa ita ce zaune kamar sarauniya. Ku tsaya ku kalli yadda Bature na wancan ƙarni ya hango mu. Daga nan ku taka zuwa tsohon ginin majalisar gari, inda aka ware ɗaki don tunawa da daren 16 ga Maris 1945. A daren nan jiragen Birtaniya suka yi wa garin ruwan bama-bamai na kimanin minti 20. Mutane wajen dubu biyar suka mutu, kusan kashi 90 cikin 100 na tsakiyar gari ya ƙone. Yawancin abin da za ku gani a tsohon garin daga baya aka sake gina shi.

Bayan kun wuce Tauberbischofsheim za ku iso Königshofen. Ba kowa ke tsayawa ba, amma ku rage gudu. A nan ne ranar 2 ga Yuni 1525 rundunar sarakuna ta karkashe dubban manoma da suka yi tawaye saboda haraji da aikin dole. Majalisar garin Würzburg ta goyi bayan manoman, kuma cikin 'yan majalisar akwai shahararren masassaƙi Tilman Riemenschneider. Da aka murƙushe tawayen, aka kama shi aka azabtar da shi.

Ku ci abincin rana a Bad Mergentheim ko Weikersheim, sannan ku nufi Creglingen. A wata ƙaramar majami'a a bayan garin akwai ɗaya daga cikin manyan sassaƙe-sassaƙen Riemenschneider ɗin nan, shi baƙi ke zuwa gani. Amma a wannan gari ne, ranar 25 ga Maris 1933, ko wata biyu Hitler bai cika a kan mulki ba, 'yan bangar Nazi suka tara Yahudawa maza 16 a ginin majalisar gari suka yi musu dukan kawo wuƙa, biyu suka mutu. Akwai ɗan gidan tarihin Yahudawa a garin, ku leƙa.

Yauwa, sai Rothenburg. Me ya sa ya tsaya da ganuwarsa da ƙofofinsa kamar ɗaruruwan shekaru ba su shuɗe ba? Talauci ne. Gari ne mai cin gashin kansa tun 1274, mai arziki. A 1631, cikin Yaƙin Shekara Talatin, dakarun Janar Tilly suka ci shi, annoba ta biyo baya. Kuɗin rushe tsohon gini a yi sabo ya gagara, sai komai ya zauna yadda yake har masu zane suka gano shi a ƙarni na 19.

'Yan Nazi sun so garin ƙwarai, suna nuna shi a matsayin asalin garin Bajamushe. A Oktoban 1938 aka kori Yahudawan da suka rage a ciki. Ranar 31 ga Maris 1945 jiragen Amurka suka rushe kusan kashi 40 cikin 100 nasa. Sauran ya tsira ne saboda wani babban jami'in Amurka, John McCloy, ya nemi a yi sulhu maimakon luguden wuta, kwamandan Jamus da ke wurin kuma ya saɓa umarni ya janye. Bayan yaƙi aka nemi gudummawa daga ko'ina a duniya. Ku hau kan ganuwar, za ku ga sunayen waɗanda suka biya kuɗin gyara an manna su a jikinta.

Shawarwari kaɗan: ku ware yini guda cur, in da hali ku kwana. Ku ajiye mota a wajen ganuwa. Ku shiga da yamma, bayan motocin 'yan yawon buɗe ido sun watse. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke, ku yi guzuri. Yankin na giya ne da naman alade, don haka ku tambaya kafin ku ci.

Abin da ya tsaya min a rai kuwa sunayen nan ne na jikin ganuwa. Tamu ta Kano, da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, muna ji muna gani ana ɗibar ƙasarta, ana yanka filaye a kanta. Mutanen Rothenburg sun gyara tasu taki-taki, kowa da abin da ya iya bayarwa. Mu matasa wa muke jira? Ku faɗa min a ƙasa wane wurin tarihi ne ke lalacewa a garinku, kuma hakkin kula da shi a wuyan wa yake.

'Yar'uwa, Allah Ya kai ku lafiya, a turo mana hotuna. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.