Manjo Mackenzie da Sojan Gidanmu

Yau zan ɗan kauce daga maganar kasuwa da haya, in ba ku labarin wani Bature sojan Sikotland da ya mutu a Faransa ranar 17 ga Mayu, 1915. Sunansa John Mackenzie. Na san wani zai ce ina ruwanmu da shi. To, aikin soja ne ya kawo kakan babana Legas, kuma a gidanmu har gobe ana cewa ya je yaƙin Asante. Garin bin diddigin wannan yaƙi ne na ci karo da sunan mutumin.

An haifi Mackenzie a 1871 a ƙauyen Contin, can arewacin Sikotland. Ya shiga soja a matsayin kurtu a rundunar Seaforth Highlanders, daga nan aka turo shi rundunar da Lugga ya kafa a Afirka ta Yamma, wadda Hausawa da Yarabawa suka cika ta. A 1900 Asantawa suka tashi a ƙarƙashin Yaa Asantewaa, suka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a Kumasi, sai aka kwashi sojoji daga nan Najeriya don ceto shi. Ranar 6 ga Yuni, a Dompoase, ayarin ya faɗa kan shingen gungume da Asantawa suka ɓoye a cikin kurmi. Mackenzie yana saje a lokacin. Ya riƙe bindiga mai ruwa guda biyu ana yi masa ruwan harsashi har aka ji masa rauni, amma duk da haka ya nemi a bar shi ya auka wa shingen. Shi ya shige gaba, sojoji baƙar fata suna biye da shi, suka kori masu shingen. A kan wannan aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya, aka kuma mai da shi hafsa.

Ga inda abin yake yi mini ɗaci. Wannan jarumin dai yana cikin rundunar da ta ci Kano da Sakkwato a 1903, shekarar da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Kuma kada mu yaudari kanmu, yawancin masu riƙe da bindigogin nan ba Turawa ba ne, namu ne, irin su kakan babana. In na la'anci Mackenzie, to ina zan sa tsohon gidanmu? Wallahi na daɗe ina juya wannan a raina.

A lokacin yaƙin duniya na farko, Mackenzie yana manjo a rundunar Bedfordshire. A gumurzun Festubert aka kashe shi, yana da shekara 43. Kabarinsa yana maƙabartar sojoji a Cuinchy, da dutse da suna da kwanan wata, lambarsa kuma tana ajiye a gidan tarihi na Fort George a ƙasarsu.

Tsohon gidanmu kuwa, a kan tabarmarsa ya rasu a nan Legas bayan ya bar soja ya koma sayar da goro. Abin da ya rage nasa shi ne wata tsohuwar jar dara da gwaggona take ajiye da ita a ƙasan adaka, asu ya cinye rabinta.