Ran da mai ya ƙare a sama

Ya kai mai karatu, ka taɓa shiga mato daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, mai ya ƙare a hanya? Sai a sauka a tura, ko a aiki yaro ya sawo kwalba biyu. To, jirgin sama fa? Can babu gefen hanya, babu mai saida mai.

Ga abin da ya faru a Sakkwato cikin watan Yuni na 1991. Wani jirgin kamfanin Okada ya nufi Kano da fasinjoji. Lokacin damina ne, sama ta ɓaci, sauka ta gagara. Sai matuƙin ya juya ya nufi Sakkwato. Nan ma ya yi ta kewaya bai sauka ba, har mai ya ƙare ƙaf, injuna suka mutu. Jirgin ya faɗi cikin daji kusa da gari. Mafi yawan mutanen ciki sun tsira, amma an yi asarar rai.

Bayan shekara uku, ranar 18 ga Satumba 1994, aka sake. Jirgin kamfanin Oriental ya ɗauko ƴan ƙwallon Iwuanyanwu na Nijeriya daga Tunisiya. Ya zo Tamanrasset, a ƙasar Aljeriya, don ya sha mai. Matuƙin bai ga fili sosai ba. Ya gwada sauka, ya sake gwadawa, mai na ta raguwa, har jirgin ya faɗi. Mutum 5 suka rasu, 2 daga cikinsu ƴan wasa ne.

Ka lura, duka biyun sama ce ta ɓaci, kewaya kuma ta cinye man. Saboda irin wannan ne dokar jirage ta ce a zuba man da zai kai inda za a, da wanda zai kai wani fili na dabam, da ƙari a kai. Ko ƙaramin jirgi ne, sai ya riƙe rarar akalla minti 30. In rarar nan ta kusa taɓuwa, wajibi ne matuƙi ya faɗa, ya nemi ƙasa tun injin na da rai.

Kai ma in za ka kasuwar Gazawa bisa babur, buɗe tanki ka duba da idonka. Lissafa zuwa da dawowa, ka ƙara na ɓatan hanya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.